Kwamfutar Baba Ta Ƙi Kyautar Jalaluddeen

Ranar da Saude ta fara shiga shagon Musaddiƙ a bakin kasuwar Kazaure, rungume take da tsohuwar kwamfutar babanta kamar jaririya. Gogan naka yana ɗago kai, sukurdireba ta suɓuce masa.

"Malam, sai ƙara take yi ƙyat-ƙyat. Littafin Baba na ciki, shekara shida yana rubuta tarihin gidanmu."

Ya kwance bayanta, ya kasa kunne. "Ma'ajiyar ce ta gaji. A sa mata sabuwar ma'ajiya da ake kira SSD, a kwashe komai kafin ta mutu. Amma mai tsaga biyu a baki za a nemo, ita kaɗai ramin allon nan yake karɓa."

Alhaji Muhammadu Lawal, baban Saude, ya ce atafau yaron bakin kasuwa ba zai taɓa masa littafi ba. Gyara ya tsaya, amma fa lambar wayar Saude ta riga ta shiga hannun Musaddiƙ.

"Sarauniyata, yau na ɗaure sukuru uku a baibai saboda tunaninki."

"Allah ya shirye ka, Injiniyana. Ka ci abinci kuwa?"

Da maganar aure ta taso, Alhaji ya murtuke fuska. Shi Jalaluddeen yake so ya aura mata, ɗan amininsa da ke aiki a Kano. Saude ta yi kuka har idonta ya kumbura.

Ran Asabar sai ga Jalaluddeen da SSD sabuwa dal a kwali, wai babu mai gudunta a duk Kano. Musaddiƙ ya hango motarsa a ƙofar gidan, zuciyarsa ta yi baƙi, ya kira Saude a waya.

"Na ga baƙonki. Allah ya sanya alheri."

"Kai dai ka cika kishi! Yi maza ka zo, zai kashe littafin Baba."

Ya tarar da Jalaluddeen a falo yana ta danna abin cikin rami, gumi sharkaf, Alhaji na cewa ya ƙara ƙarfi. Musaddiƙ ya durƙusa ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni, kada a danna. Wannan tsagarta ɗaya, ba gidanta ba ne. Tana da kyau, wallahi ta fi tawa, amma in aka matsa ramin zai karye."

"Ni kake hanawa, a falona?"

"Ni ban isa ba, Baba. Aikinka na shekara shida nake jiye wa tsoro."

Can Alhaji ya tura masa kwamfutar. Musaddiƙ ya zaro wata 'yar ƙaramar SSD mai tsaga biyu daga aljihu, ta shige sumul. Kafin la'asar ya kwashe littafin kaf, ko shafi ɗaya bai ɓata ba. Alhaji ya daɗe yana karanta babin mahaifinsa, yana share ido da hannun riga.

"Ka turo magabatanka," ya ce. "Duk garin nan kowa 'to' yake ce mini. Kai kaɗai ka ce a'a don amfanina."

Bayan Sallah aka ɗaura aure, dangi daga Roni da Babura suka cika unguwa. Da za a tafi da amarya, Alhaji ya dafa kanta. Da ƙyar ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ke da ɗana."