Fuskar da Teku Ya Cinye

"Wannan fuskar mutum ce ko miyar lalo?" Baba ya faɗa yana nisanta wayata daga idonsa.

Gwaggo Saniyya, ƙanwarsa, ta fashe da dariya har shayinta ya fantsama.

Raina ya ɓaci. Muryar Hazim dai ta fito tangaram a bidiyon, yana gaida Baba, yana neman aurena. Fuskar ce ta dagule ta koma dabbare-dabbare, ko hanci ba a ganewa.

Hazim makanike ne a jirgin ruwan dakon kaya, wata bakwai rabonsa da garinmu Dumyat. Baba bai taɓa ganinsa ba, ya kuma rantse ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai kalli ƙwayar idonsa ba. Sabis ɗin jirgin ba ya ɗaukar kira, sai ɗan guntun bidiyon da bai wuce megabait biyu ba.

"Bidiyo na uku ke nan, Basant," Baba ya ce. "Juma'a bayan masallaci zan rufe maganar nan."

"Wa'il ɗana kuwa ga shi can a ƙofar shagon kujerunsa, fuska a waje kowa na gani," in ji Gwaggo. Ta matso kusa da kunnena. "'Yar nan, mai ɓoye fuska mata gare shi a wata tashar. Wa ma ya sani ko shi ne?"

Na shige ɗaki.

Abin da ya ɗaure min kai ba ɓacin hoton ba ne. Shekara shida ina matse bidiyon biki a wani shagon hoto, don ya yi ƙanƙanta ya ratsa raunin sabis. Na san idan wuri ya yi kaɗan, duk abin da ke motsi shi ke cinye rabon, ya bar fuska da yunwa. Taguwar ruwa, hayaƙi, riga mai ratsi-ratsi, hannun da ke rawa.

Kuma ni da bakina na koya wa Hazim wannan! Har tsokanata yake yi, wai Malama Matsi.

To me ya kai shi bakin jirgi, teku na tafasa a bayansa, sanye da rigar ratsi? A bidiyo na biyun ma cikin hayaƙin ɗakin inji ya tsaya. Ya manta ne? Ya gaji da ni ne, yana so Baba ya ƙi da kansa? Ko dai... ko dai Gwaggo ta yi gaskiya?

Na ɗauki waya na rubuta masa.

"Masoyi, kana sona?"

"Wace irin tambaya ce wannan, hasken idona?"

"To me ya sa kake tsayawa gaban teku?"

"A jirgi nake, Malama Matsi, ina kike so in samo gona?"

"Kar ka mayar da ni sakarya, Hazim! Ka san abin da taguwa ke yi wa hoto."



Na ga yana rubutu, ya goge. Ya sake, ya goge.

Ina hawaye na jero masa: "Farin bango. Riga mara ado. Ka jingina wayar da kofi, hasken taga a fuskarka, kar ka motsa. In ba haka ba, ni ce zan rufe maganar kafin Baba."

Kwana biyu ko harafi ɗaya bai aiko ba. Na kasa cin abinci, na lalata bidiyon amaryar mutane sau biyu a wurin aiki.

Ranar Juma'a da hantsi saƙon ya shigo.

Farin bango, farar riga. Hoton ya fito tas, har gashin girarsa ana ƙirgawa. Daga kuncinsa na hagu zuwa wuya kuwa, fatar ta tattare, tabon ƙuna ne ja.

Na ƙura wa tabon ido.

"Bututun tururi ne ya fashe, wata huɗu ke nan," ya ce. "Baba, ga ni yadda nake. Basant... na ji tsoro ne. Gara a ce hoto ne ya lalace da a ce ni ne."

Na zube a ƙasa ina kuka. Haushinsa da tausayinsa suka cakuɗe min, na rasa wanda zan fara ji. Wata huɗu yana jinya shi kaɗai, ni ina nan ina zarginsa da mata!

Da Baba ya dawo masallaci na miƙa masa wayar.

"Innalillahi!" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Wannan za ki kalla kullum?"

"Saniyya, ya isa."

Baba ya kalla har ƙarshe, ya maimaita. Sai ya cire tabarau ya goge.

"Idonsa bai kauce ba ko sau ɗaya," ya ce. "Ki ce masa in jirgi ya iso, ya zo da magabatansa a karanta Fatiha."

Na ruga ɗaki. Na janye labule mai furanni, na jingina wayata da kofi, na tsaya cak a jikin farin bango don kada ko ɗigon hawaye ɗaya ya ɓace a hanya.

"Na gani, Hazim," na ce. "Na ga duka. Ka dawo gida."