Wanda Ya Yanke Igiyar Ƙararrawa

Ranar Juma'a da ƙarfe huɗu na yamma Chollom ya dawo da tsoho Dunmore gidansa na Upper Marlboro a Amurka daga asibitin wankin ƙoda. Ya turo kekensa har falo. Tsohon ya ɗaga kai, sai ya ƙwala ihu. Ƙararrawar babu ita. Guntun igiyarta kawai ya rage, ɗaure a ƙugiyar bango.

Ƙararrawar ta jirgin ruwan yaƙi ce, irin wanda ke kwasar tankoki ya kai su har kan yashin gaɓa, ya buɗe baki ya amayar da su. An ƙera shi a yaƙin duniya na biyu, ya yi yaƙin Koriya, ya yi na Biyetnam, daga baya aka sayar da shi ga masu yankan ƙarfe. Dunmore ya yi shekara huɗu a cikinsa lokacin Koriya. Abin da ya tsira da shi ke nan, ƙararrawar tagulla da wani littafi mai hotuna da takardun jirgin.

Kafin awa guda 'yarsa Irene ta iso. Ta duba ƙofofi, ba a fasa ko ɗaya ba. Ta dubi Hadisa, 'yar Kumasi mai jinyar tsohon, ta ɗauki waya ta kira kamfanin da ya turo ta, ta ce ma'aikaciyarsu ta yi sata. Suka ce ran Litinin za a zauna. In ta tabbata, aiki ya tafi, lasisin jinya ma ya bi shi.

Chollom direban motar marasa lafiya ne, ba ɗan sanda ba. Amma ya yi shekara goma sha biyu a sojan ruwan Nijeriya, kuma a irin wannan jirgin ya yi su. Ya ɗauki guntun igiyar ya juya. Yankan wuƙa ne. Ƙullin da ke ƙugiyar kuwa na jirgi ne, ja ɗaya yake warwarewa.

Ya sami Hadisa a kicin tana share hawaye.

"Bar kukan nan, ƙanwata, ba ya dawo da tagulla. Yaushe kika gan ta ƙarshe?"

"Sha biyu, Yaya. Ni na goge ta ma. Na tafi masallaci, na dawo uku ta ƙofar kicin, ban leƙa falo ba."

"Da me kika tafi?"

"Da jirgin sama. Yaya, ka taɓa ganina da mota? Bas mana!"

Ƙararrawa mai kilo talatin a cikin bas, a hannun matar da ba ta kai kafaɗarsa ba. Ya cire ta daga zargi.

"Wa ya san lambar akwatin makullin da ke bakin ƙofa?"

"Ni, da madam, da Kenneth mai yankan ciyawa."

Ya kira Kenneth, ɗan Kafanchan ne, cocinsu ɗaya.

"Kai, ina kake da rana yau?"

"Oga, ina College Park tun sha ɗaya, gida biyar na yanka. In ba ka lambobinsu?"

Ya karɓa, ya kira uku. Gaskiya ne. Irene kuwa ita za ta gaji gidan da duk abin da ke ciki, ba ta da dalilin satar kayanta.

Ya koma wajen Hadisa. "Wa ke zuwa gidan nan kuma?"

"Sai Mista Rollins, abokin Baba. Wata biyu ke nan yana zuwa. Ya ce shi ma a jirgin ya yi aiki lokacin Biyetnam. Shekaranjiya tare muka iso ƙofa, har ya riƙe min leda ina buɗe akwatin."

Chollom ya tuna guntun igiyar. In Rollins mutumin jirgi ne, ba zai sa wuƙa a ƙullin da yatsa biyu ke kwancewa ba. To, sai a gani ko mutumin jirgin ne.

Washegari da hantsi Rollins ya zo jaje. Dattijo ne mai ƙarfi, da hular tsofaffin sojoji a kansa. Ya riƙe hannun Dunmore, ya ce wa Irene tunda ɓarayi sun gano gidan, gara ta ba shi littafin ya kai gidan tarihi a ajiye. Irene har ta miƙe za ta ɗauko.

Chollom ya fita, ya gyara fakin motarsa, ya dawo ya fuskanci Rollins.

"Yallaɓai, an ce kai ma ka shiga jirgin. Wane aiki ka yi?"

"A kan benen jirgi nake, wajen anga, ƙarfen nan da ake jefawa ruwa ya riƙe jirgi."

"Madalla. Ka sha teku ke nan. Yaya tafiyarsa?"

"Lafiya lau. Ƙaton jirgi ne, ko shayi ba ya zuba."

Dunmore ya ɗago kai. Jirgin nan gindinsa a shafe yake kamar faranti, ƙaramar iska ma sai ta sa ƙato ya yi amai.

Chollom ya ci gaba. "In za ku hau gaɓa fa, yaushe kuke sakin anga?"

"In mun isa mana. Mu sake ta a gaba, ta riƙe mu."

"Ƙarya kake!" Tsoho Dunmore ne. "Ta baya ake saki! Tun da nisa!"

Chollom ya juya wajen Irene. "Madam, ki ji. Jirgin nan da gangan yake hawa yashi. Kafin ya isa, sai a jefa anga ta baya a cikin ruwa mai zurfi, a tafi ana sakin waya. In an sauke tankoki, inji ya naɗe wayar, jirgi ya ja kansa ya koma ruwa. In ba a yi haka ba, nan zai kwana har abada. Mai dafa abinci ma ya san wannan. Mutumin nan bai taɓa taka jirgin ba. Shi ya sa ya yanke igiya, bai san ƙullin ba. Ya ga lambar akwati a hannun Hadisa, ya san ranar asibiti, ya san lokacin masallaci. Ƙararrawa ba takarda, kilo za a auna a biya shi. Da littafin nan take zama kayan tarihi. Shi ya dawo ɗauka."

Rollins ya ce wannan cin mutunci ne, ya fice. A waje ya tarar motar Chollom ta tokare tasa ta baya, ko taku ɗaya ba za ta yi ba. Yana nan yana zagi 'yan sandan da Irene ta kira suka iso. Da suka matsa masa, ya buɗe but ɗin motarsa da kansa. Ƙararrawar na ciki, naɗe da bargo, ya cusa mata safa don kada ta yi ƙara.

Irene ta tsaya a ƙofar kicin, ta ce za ta aika wa kamfanin saƙo cewa an ga kayan.

Hadisa ta ajiye cokali. "Yaya, gaya mata ban yarda da 'an ga kaya' ba. Da bakinta ta ce musu na yi sata. Da bakin za ta ce ban yi ba."

"Kina da Turanci, gaya mata da kanki."

Ta gaya mata, kalma ɗaya ba ta rage ba. Irene ta yi ja har kunne. Ta danna lambar kamfanin, ta buɗe lasifika, ta ɗora wayar a kan tebur inda kowa zai ji.