Garin da Ke Raba Masoya

Kaka tana zaune a ƙofar kicin tana tsinke ganyen miya, sai ga Thoa ta shigo da waya a hannu, jikinta a sanyaye.

"Kaka, mahaifiyar Vinh ta gayyace ni tafiya. Ni da ita da shi."

"To madalla! Ashe dutse ya fara laushi. Ina za ku?"

"Dalat."

Ganyen ya suɓuce daga hannun tsohuwa. "Dalat? Ba a ma kawo tiren neman aurenki ba? Wayyo ni, matar nan ta iya mugunta cikin ladabi!"

Babu yaro ko babba a garin Sa Dec da bai san maganar ba: saurayi da budurwar da suka hau Dalat, garin nan na kan duwatsu, tare kafin aure, rabuwa za su yi. Kowa yana da 'yar ƙanwa ko 'yar maƙwabta da abin ya faru a kanta. Ita kuwa Gwaggo Nam, mahaifiyar Vinh, mai sayar da yadi a kasuwa, tun ranar da Vinh ya kai mata Thoa ta yi tambaya ɗaya tak, wace shekara aka haife ta. Da ta ji shekarar Damisa ce, a lissafinsu na ba kowace shekara sunan dabba, sai ta ajiye kofin shayinta, ba ta ƙara ɗauka ba. Macen Damisa, in ji mutane, mijinta take ci. Ga shi Vinh shi kaɗai Gwaggo Nam ta haifa, mahaifinsa ya rasu tun yana goye. Ba ta taɓa cewa a'a da bakinta ba, don kada ɗanta ya riƙe ta a rai. Yanzu ta samo garin da zai faɗa a madadinta.

"Sai in ce ba ni da lafiya," in ji Thoa, hawaye na taruwa a idonta.

"Ki ƙi gayyatar surukarki ta fari? Ai kin ba ta abin da take nema a faranti." Kaka ta jawo ta kusa, ta rage murya. "Saurara, ja'ira. Masoya garin yake nema, to kada ki bari ya gane ku. Kada ku jera, kada ku yi hoto, kada ki kalle shi da wannan idon naki na marainiya. Ki manne wa uwar kamar ƙaya. Kuma kada ki faɗa masa dalili, namiji baki gare shi, dutse kuwa yana da kunne."

Thoa ta gyaɗa kai. Gaba kura, baya siyaki, ta zaɓi ta bi ta tsakiya a hankali.

Tun a mota tsoro ya fara cinta. Hanya ta dinga nannaɗewa a jikin dutse, rami a hagu wanda ba a ganin ƙasansa, direba kuma yana taunar cingam kamar ba rayukan mutane ya ɗauko ba. Vinh ya kama mata kujera kusa da shi, ita kuwa ta wuce ta zauna gefen Gwaggo Nam, ta karɓi jakarta ta ɗora a cinya. Ya bi ta da kallo, ta yi kamar ba ta gani ba. Da suka sauka, sanyi ya mare ta a fuska, sanyin da ba ta taɓa jin irinsa ba a ƙasarsu ta koguna da zufa. Vinh ya cire rigar sanyinsa ya miƙa mata.

"Bar shi, ba na jin sanyi," ta ce, haƙoranta na haɗuwa.

Washegari suka fara da haikalin da ke saman tafki. Dogayen itatuwa masu ganye kamar allura sun kewaye shi, iska na bi ta cikinsu tana wani irin kuka. Suka cire takalma, Gwaggo Nam ta kunna turaren tsinke, ta durƙusa gaban gunkin Buda ta daɗe ba ta ɗago ba, leɓɓanta na motsi. Thoa na durƙushe a bayanta. Ta san abin da ake roƙo, kuma ta san sunanta na cikinsa. Da aka buga babbar ƙararrawa sai da ta zabura, turaren hannunta ya faɗi ya mutu. Gwaggo Nam ta waiwayo ta dubi turaren, ta dubi Thoa, ta juya ta ci gaba da addu'arta. Da ma zagi ta yi, da ya fi sauƙi.

Da yamma suka gangara bakin tafkin tsakiyar gari, inda ake hayar ƙananan jiragen ruwa masu siffar agwagwa, kowanne mai cin mutum biyu. Gwaggo Nam ta zauna a benci ta gyara gyalenta.

"Ku je ku shiga mana, yara. Ni gwiwata ba za ta iya ba. Vinh, ka yi muku hoto mai kyau, tafkin ya fito sosai."

Sai murna ta kama Vinh, bawan Allah, ya ɗauka uwarsa ce ta sauko. Ya miƙo hannu. "Zo mu je, Thoa. Selfie ɗaya kawai, please."

"Ni ina nan wajen Gwaggo."

"Haba! Ita ce fa ta ce mu je."

"Ruwa nake tsoro."

"Ruwa? Ke da kike tuƙa kwalekwale kina kai furanni kasuwa tun kina firamare?" Ya sauke hannunsa, muryarsa ta sauya. "Tun jiya kike guduna kamar mai kuturta. Rigata kin ƙi, kujerata kin ƙi, ko sunana ba ki kira ba. In kin gaji da ni ne ki faɗa, ba sai kin hau dutse kin wulaƙanta ni gaban Ma ba."

Saura kaɗan ta faɗa masa gaskiya. Ta dubi ruwan, ta dubi duwatsun da suka yi wa garin zobe, ta haɗiye ta. Hawaye kawai suka zubo.

"Shi ke nan, na gane," in ji Vinh. Ya juya ya bi bakin tafki shi kaɗai, hannuwa a aljihu.

Gwaggo Nam ta gyara zama. "Garin nan ke nan," ta ce a hankali, idonta a kan ruwa. Thoa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Gudun gara ta faɗa gidan zago, abin da take wa tsaro da hannunta take rushe shi, kuma ba ta ga ƙofar fita ba.

Da safe suka hau motar jif zuwa ƙololuwar dutsen da ake hango garin gaba ɗaya. Vinh ya zauna gaba kusa da direba, ko waiwaye bai yi ba. A sama mutane ba su da yawa, don gajimare ya fara haɗuwa. Suna isa bakin shingen katako, inda ƙasa ta yanke sai rami, hazo ya taso daga ƙasa ya rufe komai. Garin ya ɓace, tafkin ya ɓace, Vinh da ya yi gaba can wajen itatuwa shi ma ya ɓace. Thoa ta ce a ranta, shi ke nan, garin ya zo karɓar abinsa.

Sai ta ji an damƙi hannunta da ƙarfi. Gwaggo Nam ce, fuskarta ta yi fari fat, gumi na tsattsafo mata a goshi duk da sanyin.

"Yarinya... iska ta buge ni... ƙasa juyawa take..."

Ta tafi luu za ta faɗi ta wajen shingen. Thoa ta rungumo ta ta baya, suka zube tare a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa. Hannuwan matar sun yi sanyi ƙalau, numfashinta na fita sama-sama. Nan take Thoa ta manta da Kaka, ta manta da dutse mai kunne.

"Yaya Vinh! Yaya Vinh, masoyina, zo! Ma ce!"

Muryarta ta bugi duwatsu ta dawo mata. Ya fito daga cikin hazon a guje, yana ganin uwarsa a ƙasa ya rikice, ya hau danna waya. "Babu network! Thoa, babu network!"

"Bar wayar! Ruga ka nemo direban jif, maza!"

Ya ruga. Thoa ta ja Gwaggo Nam zuwa bayan wani dutse inda iska ba ta kaiwa, ta zazzage jakar da ta kwana biyu tana ɗauka. Ta san abin da ke ciki: kwalbar koren man zafi da tsohuwar kwandalar azurfa, waɗanda babu tsohuwar da ke tafiya ba tare da su ba. Ta sassauta mata riga ta baya, ta shafa man a wuya da kafaɗu, ta hau kankare fatar da gefen kwandalar, daga ƙashin baya zuwa haƙarƙari, yadda Kaka ke yi mata in iska ta shige ta. Tana yi, bakinta na addu'a. In matar nan ta mutu a hannunta, me za a ce a Sa Dec? Damisa ta fara da uwa kafin ta kai ga ɗa. Jajayen layuka suka fara fitowa, suka yi duhu. Can Gwaggo Nam ta yi gyatsa mai ƙarfi, ta ja dogon numfashi. Thoa ta cire rigar sanyinta guda ɗaya tilo ta lulluɓa mata, ta rungume ta.

Sun jima a haka, ba a ganin ko tafin hannu. Sai kuka ya ƙwace wa Gwaggo Nam.

"Kin san abin da ya sa na kawo ki garin nan?"

"Na sani, Gwaggo."

"Kin sani, kika biyo ni? Kika ɗauki jakata, kika matsa mini ƙafa jiya?"

"Ke kika haife shi. Ina zan kai ki?"

Matar ta riƙe hannunta gam. "Zan faɗa miki abin da ko Vinh bai sani ba. Kowa ya ɗauka shekarar Kyanwa aka haife ni. Ƙarya ce. Iyayena ne suka matsar da shekarar don in samu miji. Ni ma Damisa ce, yarinya. Na ɓoye wa mahaifin Vinh, na aure shi, bai ga ɗansa ya yi tafiya ba. Babbar mota ta take shi a kan babur, yana hanyar sayo mini magani. Ni na cinye shi! Kullum na dube ki, kaina nake gani, sai in ga Vinh kwance a titi. Ba ƙinki nake ba, tsoro nake ji."

Tausayi ya cika Thoa har ya kori nata tsoron. Ashe duk kwanakin nan su biyu abu ɗaya ke cin su, kowacce tana kallon 'yar'uwarta a matsayin dodo.

"Gwaggo, in tambaye ki? Direban babbar motar nan, wace shekara aka haife shi?"

Gwaggo Nam ta ɗago jajayen idanunta. "Ina zan sani?"

"To shi da ya taka mutum ba a tambayi shekararsa ba, sai ke da kike kwance a gida ba lafiya? Kuma in Damisa ci take, ai Vinh ya fi kusa da bakinki. Ke kaɗai kika raine shi, da kuɗin yadi kika kai shi makaranta, ga shi nan ƙato har yana yi wa mutane fushi. Damisa da baki take ɗaukar ɗanta, Gwaggo, amma ba ta haɗiye shi."

Matar ta tsaya tana kallonta, dariya da kuka suka haɗe mata lokaci guda. Tun rasuwar mijinta babu wanda ya taɓa sauke mata wannan kayan, don babu wanda ya san tana ɗauke da shi.

Ƙarar jif ta iso, Vinh ya diro tun ba ta tsaya ba. Ya tarar da uwarsa zaune cikin rigar Thoa, ita kuwa Thoa leɓɓanta sun yi shuɗi don sanyi. Ya durƙusa gabansu yana haki.

"Ma, yaya jikin? Thoa, sorry, ni..."

"Rufe mana baki, sakarai," in ji Gwaggo Nam. "Yarinya tana ta kare ka daga garin nan, kai kana kumbura kamar kwaɗo. Cire rigarka ka ba ta." Ya cire da sauri, wannan karon Thoa ta karɓa. Gwaggo Nam ta kamo hannunsa ta ɗora a kan na Thoa, a nan saman dutsen, a fili, inda duk mai kunne zai ji. "In mun sauka likita ya duba ni, ka kira kawunka. A je a tambayi kakarta ranar da za a kai tire."

"Gwaggo..." in ji Thoa.

"Wace Gwaggo? Ɗazu da kika tsorata, da wane suna kika kira ni? Shi za ki riƙe."

"Ma," in ji Thoa, ta faɗa jikinta tana kuka.

Da damina ta wuce aka kai tire masu jan mayafi gidan Kaka, Gwaggo Nam ce a gaba da doguwar rigarta ta bikin. Masu gulma a kasuwa suka ce yarinyar ta yi sa'a, garin ne bai gane su ba. Ni dai na ce ba gari ke raba masoya ba, ba kuma shekarar haihuwa ke kashe miji ba. Tsoron da aka ƙulle a ciki aka ƙi faɗa, shi ke raba ɗa da masoyiyarsa, shi ke mai da uwa abokiyar gaba. Wanda ya yi haƙuri da iyayen masoyinsa har ya gano inda ke musu ciwo, ba aure kaɗai zai samu ba, har uwa zai samu.