Fitilar Kozue

Busasshen kifi kawai Sumie ta fita saye, na tsaraba, gab da faɗuwar rana. Mijinta Noboru yana kwance a masauki, wankan ruwan zafi ya kashe masa jiki.

"Baban Kozue, yanzu zan dawo."

"Kada dai ki bi ta bakin teku. Kin san daren yau ne."

"To, sarkin tsoro, na ji."

Har gobe Baban Kozue take ce masa, alhali Kozue, 'yarsu tilo, teku ya tafi da ita a nan garin Atami tana 'yar shekara bakwai, ko takalminta ba a tsinta ba. Tun daga nan duk lokacin zafi sai sun zo wai hutu. Ina hutu! Sumie takan saya wa yarinyar sabuwar rigar yukata, mai buɗaɗɗen gaba da ɗamara, kowacce ta fi ta bara girma. A daren ƙarshe na bikin Obon kuwa, da ake sakin fitilun takarda a ruwa don raka matattun da suka zo gaida gida, ita ba ta taɓa saki ba. "Wa ya ga gawarta?" in ji ta. Noboru ya yi lallashi har ya gaji.

Ta sayi kifin, ƙafa kuma ta kai ta inda aka hana ta. Ta wuce tsofaffin masaukan da aka rufe, ta sauka kan yashi can gefe, inda ba kowa. Iska ta kawo ƙarnin teku da ƙamshin turare. Can nesa fitilu sun fara tafiya a kan ruwa, a jere.

Sai ta ji ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Takalmin katako ne. Amma yaushe katako ya taɓa ƙara a kan yashi?

Ta waiwaya. Yarinya ce tsaye a ruwa, sanye da riga mai zanen jan kifi. Ko kaɗan ba ta ƙara tsawo ba.

"Mama."

Ƙunshin kifin ya faɗi. Idon uwa kuwa bai sauka ko'ina ba sai kan rigar. Mai rai gefen hagu yake ɗorawa a kan na dama, yaron goye ma ya san wannan. Ta Kozue dama ce a sama.

"Haba, Kozue! Wa ya sa miki riga haka? Gawa ake yi wa wannan."

Ta shiga ruwan, ta durƙusa, ta kwance ɗamarar, ta gyara. Jikin yarinyar sanyi ƙalau. Ta ɗaure, ta duba. Dama a sama.

Ta sake. Ruwa ya kai ƙugu.

"Bari, Mama," yarinyar ta ce a hankali. "Haka muke sawa."

"Ke ba kya cikinsu!"

"Kowa ya tafi da fitilarsa. Ni kullum a nan ake barina. Akwai duhu, Mama, ban san hanya ba."

Sumie ta sake kai hannu kan rigar.

"In ba za ki kunna mini ba, zo ki raka ni."

Ƙananan yatsu suka kama ɗamarar yukatar da ke jikin Sumie. Ta ji suna kwancewa, suna ɗaurewa. Ruwa ya kai ƙirji. Gaskiya ɗaya ce, ba ta hana ba, don abin da ta daɗe tana so ke nan.

Ruwa ya kai haɓa.

"Sumie!"

Hannu ya damƙi wuyan rigarta ta baya, ya fizge ta. Noboru ne, ko takalmi babu. Ya ja ta har kan busasshen yashi, suka zube tare suna tari.

Ya duba ta a hasken fitilar titi. Rigar matarsa dama ce a sama. Ɗamarar kuma an yi mata karkataccen ƙulli, irin na yaro mai koyo. Ya san ƙullin nan, shi ya koya wa mai shi. Ya kwance ƙullin yana kuka kamar ba namiji ba, ya mayar mata da hagu sama.

"Ɗaya na rasa a ruwan nan," ya ce. "Ya ishe ni."

Mai sayar da fitilu yana tattara kaya suka same shi. Sumie ce ta rubuta sunan Kozue a jikin fitila, ita ta kunna, ita ta saki. Fitilar ta tsaya tana juyi a bakin gaɓa, ta ƙi gaba. Can suka ji ƙwas, ƙwas, sai ta miƙe ta bi sahun 'yan'uwanta.

Sumie ba ta sake sayen riga ba. Washegari a jirgin ƙasa ta taɓa hannun mijinta ta ce, "Noboru." Bai amsa ba, ta sake kira. Ya juyo yana kallonta, ido cike da hawaye, domin rabon da ya ji sunansa a bakinta tun ranar da aka haifi yarinyar.