Tambaya ta Bakwai

Minti ashirin da fara jarrabawar lissafi, malamar da ke sa ido ta sunkuya za ta ɗauki biron da ya faɗi, sai ta hango wata takarda manne da salatif a ƙarƙashin teburin wata ɗaliba da ake kira 'yar tela. Amsoshi ne da fensir, ƙanana kamar tururuwa, daga ta ɗaya har ta goma.

Kafin a tashi, Shugabar makaranta ta kira Malamin Lissafi ofis, ta tura masa takardar.

"Kai ka tsara tambayoyin, kai za ka gano ta inda suka fita. Jibi zan aika suna jami'a. In ta tabbata yarinyar nan ce, satar amsa za a rubuta a fayil ɗinta. Ba lambar yabo, ba gurbin likitanci, kuma ba jami'ar da za ta sake kallon takardunta."

Gurbi ɗaya tak jami'a ke ba makarantar duk shekara, na wanda ya zo na ɗaya. Shekara uku 'yar tela na riƙe da matsayin. A bayanta mutum biyu ke kokawa: wani yaro da ake kira Injiniya, da Auta, 'yar Malamin Lissafin kansa.

Ya fara da 'yar tela. Tana zaune a bakin kujera, ya miƙa mata takardar.

"Kin taɓa ganin takardar nan?"

"Wallahi Malam, sai da aka ciro ta. Don Allah kada a gaya wa Babana tukuna. Ya riga ya ɗinka min farar rigar likitoci, tana rataye a shago."

Ya duba abin da ta rubuta kafin a ƙwace takardarta. Amsa uku, duk daidai, amma ta doguwar hanya, ba ta hanyar da ke jikin takardar salatif ba.

Injiniya ya shigo yana gumi.

"Ni, Malam? Mota ta lalace da mu, sai da aka raba takardu na iso. A tambayi mai gadi, har kunnena ya ja."

Mai gadi ya tabbatar. Mai buga takardu kuwa ta fusata, ta buɗe durowa ta nuna wa Malamin Lissafi ambulan ɗin tambayoyin da ya kawo mata da hannunsa, da sa hannun Shugaba a kan bakin.

"A gabanta na buga, a gabanta na kulle. In kana neman ɓarawo, Malam, nemi mai ƙafa, injina ba ya yawo."

Saura mai shara, wanda ke buɗe zauren da ƙarfe bakwai.

"Baba, wa ya shiga kafin ɗalibai?"

"Ba baƙo ko ɗaya. 'Yan gida ne kawai."

"Su wa ke nan 'yan gida?"

"'Ya'yanku mana, masu zuwa da ku tun kafin a buɗe ƙofa. Su ai ba na ƙirga su."

Malamin Lissafi ya koma ɗakin malamai, ya shimfiɗa takardar salatif kusa da takardar jarrabawa, yana bin su layi-layi. Ta ɗaya ta dace. Ta biyu ta dace. Da ya iso ta bakwai, yatsansa ya tsaya.

Tambayar jarrabawa a kan gudun jirgin ƙasa take. Amsar da ke takardar salatif kuwa ta tankin ruwa ce, mai cika cikin awa huɗu da rabi.

Ya san tankin nan. Shi ya ƙirƙire shi, kuma shi ya soke shi ana saura kwana uku jarrabawa, da ya ga ya yi wa yara wuya. Shugaba ba ta taɓa ganin tankin ba, mai buga takardu ma haka. Wuri ɗaya yake a duniya: cikin daftarin farko, wanda doka ta hana a fita da shi daga makaranta, shi kuma ya tafi da shi gida don fankar ɗakin malamai ta lalace.

Ya daɗe yana kallon tarin takardun ɗalibai kafin ya iya zaro ta Auta. Tara daidai, ba ko gogewa. Ta bakwai fili ne fetal.

Da yamma ya same ta a falo tana ninke kayan makaranta. Ya ajiye daftarin a kan tebur. Rigar da ke hannunta ta zame ƙasa.

"Auta, tankin nan cikin awa nawa yake cika?"

"Baba..."

"Da kin yi karatu, da kin amsa ta jirgin ƙasa, ai ta fi sauƙi. Amma kin haddace abin da kika gani a durowata, kika kwafe shi sau biyu, ɗaya a kanki, ɗaya a ƙarƙashin teburin 'yar mutane. Ba ki san na canza ta bakwai ba."

Ta durƙusa. "Shekara uku, Baba. Ko abinci muke ci sai ka ce dubi 'yar tela. Sau ɗaya nake so ka ce dubi Auta."

Mahaifiyarta ta fito daga kicin, ta tsaya a bakin ƙofa, ta ji komai.

"Baban Auta, wa ya san da wannan takarda ban da mu uku?"

"Babu."

"To ga murhu can a kunne."

Ya kalli daftarin. Shafi biyu ne kacal, ba za su kai minti ɗaya a wuta ba. Idan suka ƙone, jibi sunan Auta ne zai tafi jami'a, shi kuma aikinsa na nan. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne hannunsa ya riga ya ɗauki takardar, ƙafarsa kuma ta juya wajen kicin, bai umarce su ba.

"Baba, in ka kai ta, tawa ta ƙare," in ji Auta.

"Na sani."

Ya ninke daftarin, ya sa a aljihu, ya danne aljihun da tafin hannu.

Washegari ya tarar da tela zaune a bencin ƙofar ofis, da tef ɗin awo a wuya, da alama daga shago ya rugo. Mutumin ya miƙe da sauri, yana gaishe shi da hannu biyu.

"Malam, an ce kai ne mai binciken. Don Allah a duba da kyau."

"An duba. Kada ka sauke rigar nan daga inda take."

Ya shiga, ya miƙa wa Shugaba rahoto mai layi shida, da daftarin a manne. Ta karanta, ta cire tabarau, ta sake karantawa.

"Suna biyu na gani a nan, Malam."

"Haka ne, ranki ya daɗe. Nawa ne a sama, don ni na fara karya doka. Na biyun na Auta ne. Tana waje, ita ta ce za ta faɗa da bakinta."