Neda ta Brezen da Hedimastan Tsallaken Kogi

A taron shugabannin makarantu da aka yi a birnin Smolyan Kalin ya fara ganinta. Zauren ya cika da fuskoki a murtuke, domin kowa da kuka iri ɗaya ya zo: iyaye na kwashe yara suna tafiya Jamus neman aiki, azuzuwa na zama kango, malamai kuma gwiwarsu ta yi sanyi. Sai wata budurwa ta miƙe daga layin baya.

"Sunana Neda, ni ke riƙe da makarantar Brezen," in ji ta. "Idan muka koma gida da wannan fuskar, malamanmu za su kwaikwaye mu, yara su kwaikwaye su. Ni kullum da safe a bakin ƙofa nake tsayawa, in gaishe da kowane malami, in faɗa masa abin da ya yi daidai jiya. Ban isa in ƙara wa kowa albashi ba, amma tunda na fara ba wanda ya ajiye aiki."

Kalin, hedimastan Lipovo, ƙauyen da ke tsallaken kogi, bai daina tafi ba sai da na kusa da shi ya ja masa hannun riga.

Da aka fita shan kofi ya tare ta.

"Malama, ni kuma wa zai faɗa mini abin da na yi daidai?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ne na Lipovo? Ai mutanen ƙauyenku ba su taɓa yin daidai ba."

"To ba ni lambarki, ranar da muka yi in sanar da ke."

Ta yi dariya, ta ba shi.

Washegari saƙonsa ya shigo: "Shugabata, na gwada tsayuwar bakin ƙofa. Malamin lissafi ya tambaye ni ko ba ni da lafiya."

Ta mayar masa: "Ci gaba, hedimastana. Ni ma da farko likita suka so kira mini."

Kafin dusar ƙanƙara ta narke, malaman makarantun biyu sun fara haɗuwa duk Juma'a, wannan ta kawo banitsa mai zafi, wato gurasa mai cuku a ciki, wancan ya kawo zuma, a ci a yi shawara. Wata tsohuwar malama da ta gama shirin barin aiki ta fasa. Kalin kuwa yakan rako Neda har bakin gada, su tsaya suna hirar da ba ruwanta da makaranta.

Mahaifinta, Malam Stoycho, shi ne tsohon hedimastan Brezen, kuma bai so wannan rakiya ba.

"Neda, buɗe idonki," ya ce da ita. "An ce za a haɗe makarantun nan, a rufe ɗaya. Yaron nan kujerarki yake so, ba ke ba."

"Baba, ba ka san shi ba."

"Na san kakansa, ya ishe ni. Ga Zdravko nan, mutumin kirki."

Zdravko yana da makarantar kuɗi a birnin Plovdiv, ya daɗe yana yi mata tayin aiki da na aure a haɗe. Shi ne ya zo wata ranar Lahadi, ya zauna ana cin abinci, ya ce kamar da wasa, "Af, na ga hedimastan Lipovo a ofishin ilimi. An ce shi aka yi wa tayin shugabancin sabuwar makarantar."

Neda ta ajiye cokali. Ta fita tsakar gida ta rubuta wa Kalin: "Da gaske ka je ofishin ilimi?"

"Na je, masoyiyata. Ki ba ni lokaci, ba na so in yi miki albishir da abin da bai tabbata ba."

"Barka da samun kujera, Malam Kalin."

Daga nan ta daina ɗaga wayarsa. Duk da haka ba ta fasa tsayawa a bakin ƙofa da murmushinta ba, ko da yake idanunta sun kumbura.

Ranar sanar da hukunci, mutanen ƙauyukan biyu suka cika zauren Brezen, kowane ɓangare a gefensa. Jami'ar da ta zo daga ofishin ilimi ta ce lallai an yi wa Kalin tayi, amma yana da magana.

Ya miƙe. "Ban karɓa ba. Na roƙa kada a rufe ko ɗaya: ƙananan azuzuwa su zauna a Lipovo, manya su zo Brezen. Shugabanci kuma a ba Neda, ni in zama mataimakinta."

Wani dattijon Lipovo ya daka masa tsawa: "Ka sayar da mu saboda mace!"

"Kawu, ina son ta, ba zan ɓoye ba," in ji Kalin. "Amma tambayi malamaina wa ya dawo musu da son aikinsu."

Malamin lissafi ne ya fara miƙewa. Sauran malaman Lipovo suka bi shi, sannan na Brezen. Jami'ar ta dube su, ta ce an amince.

A waje Neda ta same shi, hawaye na zuba.

"Ka yafe mini, hedimastana."

"Mataimaki dai, ranki ya daɗe. Amma akwai wani muƙami da nake nema a wurinki, shi kam ba zan bar wa kowa ba."

Malam Stoycho na tsaye a bayansu, ya ji komai. Ya yi gyaran murya. "Yaro, ba a tsakar titi ake neman 'yata ba. Ka zo gida da iyayenka."

Zdravko, wanda shi ma ya zo taron, bai jira ƙarshen maganar ba, ya tayar da motarsa.

Da bazara aka ɗaura auren a cocin Brezen. Makaɗa suka yi ta kiɗa da busa, mutanen ƙauyukan biyu suka kama hannun juna a layin rawa guda, abin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Malam Stoycho ya ɗaga kofinsa.

"Na yi alfahari da 'yata tun tana goye. Yau na samu ɗa da zan yi alfahari da shi. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka." Ya share ido, ya harari angon. "Kuma ku hanzarta, azuzuwan nan na buƙatar yara."