Tsagar Gindin Famfo

Rana ta faɗi, inuwar katanga ta rufe tsakar gida, Tela yana tsaye yana duban sabon simintin da magini ya shafa da safe. Karo na uku ke nan. Tsaga ce guda ɗaya, ta taso daga gindin famfo ta nufi ƙofar kicin, faɗinta bai kai yatsa biyu ba, amma ta lashe kuɗin keken ɗinkin da yake tarawa. Matarsa ta hana shi tun farko. "Baban Auta, tsagar nan mun same ta a gidan nan, wa ta taɓa kayarwa?" Ina! Mutumin da ko zare ya gani yana reto a rigar wani sai ya tsinke shi.

Yana nan tsaye sai ya ji ƙas. Simintin ya buɗe a gaban idonsa, a hankali, kamar ana farke ɗinki. Tsakuwa ta faɗo a kan kwanon ɗaki. Wata ta biyo. Kaji suka yi tsit.

"Wane ɗan banza ne?" ya daka tsawa, ya leƙa waje. Babu kowa a layin. Da ya dawo sai ya tarar da Auta, ƙaramar 'yarsa, durƙushe a gindin famfo tana tonon simintin da farce, jini na bin yatsunta. Ya kira sunanta. Ta ɗago ta dube shi da idon da ba nata ba.

Daga ranar gidan bai sake ganin daidai ba. Magariba na yi sai jifa, sai a ji kamar ana tari a ƙarƙashin daɓe. Auta ta daina cin abinci, ta rame, da an sake ta sai gindin famfo. Asibiti suka ce ba su ga komai ba. Tela, don tsabar taurin kai, har ya fara zancen canza magini. Matar ta ce, "Wallahi in buhun siminti ya sake shigowa gidan nan, sai dai ka zauna da shi." Ita ta aika aka ɗauko Malam.

Malam dattijo ne marar yawan magana. Ya sa aka riƙe yarinyar, ya yi ta karatu a kunnenta har ta sandare. Can sai murya ta fito daga bakinta, ta tsohuwa, a shaƙe.

"Ka daina ƙona ni."

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ita ba ce, ubanta ne. Tun ba a aza tubalin gidan nan ba nake ƙarƙashin wurin nan. Ta tsagar nake shan iska, ta nan ruwan famfo ke sauko wa jikokina. Sau uku yana toshe mana ƙofa."

"To me kike so?"

"A fasa daɓen duka."

Tela ya zabura. "Duka? Malam, ka san nawa na..."

"Haba Baban Auta!" in ji matar cikin kuka. "Dubi 'yarka!"

Ya duba. Wuyan yarinyar duk ƙashi, yatsunta naɗe da tsumma. Kunya ta rufe shi.

Malam ya ce duka kam ba zai yiwu ba, mutanen gida ma suna da haƙƙin wurin taka ƙafa. Aka yi ta ja, har aka tsaya a kan a bar rami taƙi ɗaya a gindin famfo, kuma wanda ya sa aka toshe shi ne zai buɗe da hannunsa. Tsohuwar ta rantse ba za ta dawo ba. Auta ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta.

Tela ya aro guduma a maƙwabta. Ya durƙusa yana dukan kuɗinsa da hannunsa, yana tsaki, takaici kamar ya kashe shi. Bai gama kwashe ɓaraguzan ba ya ji ƙaramar murya a bayansa.

"Baba, yunwa nake ji."

Ya saki gudumar.

Har yau ramin yana nan. Duk baƙon da ya shigo sai ya nuna shi da baki ya ce, "Tela, ka sa a shafe wannan mana, ai ba zai ci kuɗi ba." Shi kuwa sai ya dubi Auta tana wanke-wanke, ruwa na gangarawa cikin ramin.

"Na tambayi farashin," yakan ce. "Ya fi ƙarfina."